Bayani kan manhajojin waya masu yi wa iyaye jagora wajen shayarwa da renon jarirai

Miliyoyin mata masu juna biyu da masu jego a ƙasashe irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Birtaniya suna samun shawarwari kan shayarwa da renon jarirai ta wayoyinsu na salula, ko dai ta saƙon tes, ko ta kiran murya, ko kuma ta manhajar da ake saukewa daga intanet.

Hukumomin kiwon lafiya na kallon wannan hanya a matsayin wata dama ta isar da bayani ga uwa a daidai lokacin da take buƙatarsa, ba tare da ta jira ranar zuwa asibiti ba. Sai dai binciken da aka gudanar a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa amfanin waɗannan tsare-tsare ya danganta ne ga wanda ya tsara bayanin, da harshen da aka isar da shi, da kuma mutumin da wayar take hannunsa a cikin gida.

Yadda tsarin yake aiki

Ginshiƙin kowace manhaja ta irin wannan shi ne kwanan wata. Uwa ko ma'aikaciyar lafiya za ta shigar da ranar da ake sa ran haihuwa, ko ranar da aka haifi jaririn. Daga nan sai na'urar kwamfuta ta riƙa lissafa makonnin ciki ko watannin yaron, tana aiko da bayanin da ya dace da wannan mataki.

Mai ciki wata takwas za ta samu tunatarwa kan shirin haihuwa a asibiti da muhimmancin ɗora jariri a kan nono da zarar an haife shi. Mai jaririn mako shida za a tuna mata da allurar rigakafi. Wadda ɗanta ya kusa cika wata shida kuwa, za a fara yi mata bayanin irin abincin da za ta haɗa masa da nono.

Tsare-tsaren sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ke aiki a kan kowace irin waya, har da ƙaramar waya marar intanet, ta hanyar saƙon tes ko kiran murya da aka riga aka naɗa. Akwai kuma manhajojin da sai da babbar waya ta zamani ake iya amfani da su, waɗanda ke ɗauke da hotunan bidiyo, da jadawalin nauyi da tsayin yaro, da wurin rubuta lokutan shayarwa da barci.

Dalilin da ya sa aka mayar da hankali a kai

Masana harkar lafiya na cewa kwanaki dubu ɗaya na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne suka fi tasiri ga girman jiki da ƙwaƙwalwarsa. Abin da yaro ya rasa na abinci mai gina jiki a wannan tsakani, da wuya a iya mayar masa da shi daga baya.

A shekarar 2016 mujallar kiwon lafiya ta The Lancet da ake bugawa a Birtaniya ta ƙiyasta cewa za a iya ceton rayukan yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 823,000 a kowace shekara, idan da a ce kusan dukkan iyaye mata na shayarwa yadda ya kamata. A wannan shekarar ce kuma mujallar ta ce yara miliyan 250 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi na cikin haɗarin gaza kai wa ga cikakken ci gaban da ya kamace su, saboda talauci da tsumburewa.

Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ya tsayar a shekarar 2012 cewa kafin 2025 a kai matsayin da aƙalla rabin jariran duniya 'yan ƙasa da wata shida za su riƙa shan nonon uwa zalla. Ƙididdigar da hukumar ta fitar tare da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, a shekarar 2023 ta nuna cewa an kai kashi 48 cikin ɗari. A Najeriya kuwa, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya ya nuna kashi 17 cikin ɗari a 2013, sannan kashi 29 cikin ɗari a 2018.

Tunda yake ma'aikatan lafiya sun yi kaɗan a akasarin ƙasashe masu tasowa, kuma wayar salula ta shiga lunguna da saƙo, sai gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka fara neman yadda wayar za ta ɗauki wani ɓangare na aikin wayar da kai.

Mafarin al'amarin

Ɗaya daga cikin shirye-shiryen farko da suka yi suna shi ne Text4baby, wanda aka ƙaddamar a Amurka a watan Fabrairun 2010. Mace kan aika da kalma guda zuwa wata gajeruwar lamba, sai ta riƙa samun saƙonni uku a mako kyauta, cikin Turanci ko Sifaniyanci, har zuwa ranar da ɗanta zai cika shekara guda.

A cikin wannan shekarar ne hukumar lafiya ta Ghana, tare da gidauniyar Grameen, suka fara wani shiri mai suna Mobile Midwife, ma'ana ungozoma ta waya, a gundumar Kassena-Nankana ta Yamma da ke arewa maso gabashin ƙasar. An bai wa matan zaɓi tsakanin saƙon rubutu da na murya cikin harshensu, kuma kusan dukkansu suka zaɓi murya. Wannan darasi ya yi tasiri a kan shirye-shiryen da suka biyo baya a yankunan karkara, inda da yawa daga cikin mata ba sa iya karatun boko.

A watan Mayun 2011, sakatariyar harkokin wajen Amurka ta wancan lokaci, Hillary Clinton, ta ƙaddamar da wani ƙawance mai suna MAMA, wanda ya haɗa hukumar raya ƙasashe ta Amurka USAID da kamfanin Johnson & Johnson da wasu ƙungiyoyi. Ƙawancen ya tallafa wa shirye-shiryen aika saƙonni ga iyaye mata a Bangladesh da Afirka ta Kudu da Indiya. Daga bisani an gwada irinsa a Najeriya da sunan HelloMama, a jihohin Ebonyi da Kuros Riba.

Shirin Kilkari na Indiya

Shirin da ya fi kowanne girma a wannan fanni shi ne Kilkari na ƙasar Indiya. Kalmar tana nufin ƙyalƙyalar dariyar jariri a harshen Hindi. Ƙungiyar BBC Media Action ce ta tsara shi da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka fara shi a jihar Bihar a 2013, sannan gwamnatin tarayyar ƙasar ta rungume shi a watan Janairun 2016.

Shirin ya ƙunshi saƙonnin murya 72, ɗaya a kowane mako, daga wata na huɗu na ciki har zuwa cikar yaro shekara guda. Kowane saƙo bai wuce kimanin minti ɗaya da rabi ba, kuma ana isar da shi ne da muryar wata likita da aka ƙirƙira, mai suna Dakta Anita, wadda ke magana tamkar wata babbar 'yar'uwa mai sani.

Ba a buƙatar intanet ko babbar waya, kuma uwa ba ta biyan ko sisi. Ana samo lambobin wayar ne daga rajistar gwamnati ta mata masu juna biyu, wadda ma'aikatan lafiya na ƙauyuka ke cikewa. Idan aka kira ba a ɗauka ba, na'urar takan sake gwadawa a wani lokaci.

Ya zuwa shekarar 2018 shirin ya kai ga mutane fiye da miliyan goma a jihohi 13. A 2019 ne wata ƙungiyar agaji ta birnin Mumbai mai suna ARMMAN, wadda likitar mata Aparna Hegde ta kafa, ta karɓi ragamar gudanar da shi tare da ma'aikatar lafiyar ƙasar.

Shirin MomConnect na Afirka ta Kudu

A watan Agustan 2014 ministan lafiya na Afirka ta Kudu, Aaron Motsoaledi, ya ƙaddamar da MomConnect. Ana yi wa mace rajista ne a asibitin gwamnati ranar da ta je awon ciki, ta hanyar danna wata gajeruwar lamba a waya, sannan ta zaɓi harshen da take so daga cikin harsuna 11 da ƙasar ke amfani da su a hukumance a lokacin.

Abin da ya bambanta wannan shiri da na Indiya shi ne uwa na iya mayar da martani. Akwai teburin amsa tambayoyi, inda ma'aikatan jinya ke karanta saƙonnin iyaye mata suna ba su amsa. Haka kuma mace na iya yabawa ko kai kuka game da yadda aka kula da ita a asibiti. Ta wannan hanya ma'aikatar lafiya ta riƙa samun labarin asibitocin da ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki suka ƙare a cikinsu.

Daga shekarar 2017 aka fara aika saƙonnin ta WhatsApp ga waɗanda ke da shi, abin da ya rage kuɗin da ake kashewa a kan saƙon tes. A lokacin da shirin ya cika shekara goma a 2024, an bayyana cewa kusan mata miliyan biyar ne suka taɓa yin rajista da shi.

Manhajojin manyan wayoyi

A ƙasashen da babbar waya ta wadata, an fi karkata ga manhajar da ake saukewa. A Birtaniya, ƙungiyar agaji ta Best Beginnings ta fitar da manhajar Baby Buddy a shekarar 2014. Kyauta ce, babu talla a cikinta, kuma an rubuta bayananta cikin sauƙaƙan kalmomi domin matasan iyaye da waɗanda Turanci ba harshensu na asali ba ne. Tana ɗauke da ɗaruruwan gajerun hotunan bidiyo, ciki har da masu nuna yadda ake riƙe jariri ya kama nono daidai, wanda rashin iya shi ne ke jawo tsagewar kan nono da zafin da ke sa wasu matan daina shayarwa da wuri.

Asusun UNICEF kuma ya ƙaddamar da manhajar Bebbo a shekarar 2021 domin iyayen yara daga haihuwa zuwa shekara shida a yankin Turai da tsakiyar Asiya, a ƙasashe irin su Sabiya da Albaniya da Uzbekistan da Tajikistan da Kirgistan. Ma'aikatar lafiyar kowace ƙasa ce ke duba bayanan, tare da daidaita jadawalin rigakafi da na ƙasarta. Da zarar an sauke manhajar, ana iya karanta akasarin abin da ke cikinta ko da babu intanet. Baya ga ciyarwa, tana ba da shawarar irin wasan da iyaye za su yi da yaro a kowane mataki.

A Amurka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC ta fitar da manhajar Milestone Tracker a 2017, wadda ke taimaka wa iyaye su lura da matakan girman yaro daga wata biyu zuwa shekara biyar, kuma su tattara abin da suka lura da shi domin nuna wa likita.

Abin da suke koyarwa kan ciyarwa

Manhajojin da hukumomin lafiya suka tsara suna bin shawarwarin WHO da UNICEF ne. Na farko shi ne a ɗora jariri a kan nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, kuma a ba shi dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa, domin yana ƙunshe da sinadaran da ke kare shi daga cututtuka.

Na biyu shi ne nono zalla na tsawon wata shida, babu ruwa, babu jiƙo, babu kunu. Bayanin da ake yawan maimaitawa a nan shi ne fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, saboda haka yana kashe wa jariri ƙishirwa ko da a lokacin bazara. Ruwan da ake ba shi kan cika masa ciki ya rage shan nono, kuma idan ba mai tsabta ba ne yana jawo gudawa.

Jariri sabon haihuwa kan sha nono sau takwas zuwa 12 a dare da rana. Tun da yake ba a iya auna yawan nonon da ya sha, ana koya wa iyaye su lura da fitsarinsa: bayan kwanaki biyar na farko, jiƙa ƙunzugu kimanin sau shida a yini alama ce ta cewa yana ƙoshi. Haka nan raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko ba abin tayar da hankali ba ne, matuƙar ya mayar da shi cikin kimanin mako biyu.

Daga wata shida sai a fara ba shi abinci mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, sannan daga wata tara zuwa 23 a ƙara zuwa sau uku ko huɗu, tare da ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Ana so yaro ya samu aƙalla rukunin abinci biyar daga cikin takwas a kullum, kuma jagorar da WHO ta fitar a 2023 ta ce a riƙa ba shi ƙwai ko kifi ko nama kowace rana, a kuma guji lemon kwalba da sauran abin sha mai sukari. Ana kuma gargaɗin kada a ba yaron da bai cika shekara ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jijiyoyi da ake kira botulism.

Auna girman yaro

Jadawalin nauyi da tsayi da akasarin manhajojin ke amfani da shi ya samo asali ne daga ma'aunin da WHO ta fitar a shekarar 2006. An gina shi a kan binciken da aka yi tsakanin 1997 da 2003 a kan yara kimanin 8,500 a ƙasashen Brazil da Ghana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. Binciken ya gano cewa yaran da suka sha nono kuma suka tashi cikin kyakkyawar kulawa, girmansu kusan iri ɗaya ne, ko daga wace nahiya suka fito.

Binciken ya kuma nuna cewa akwai tazara mai faɗi a lokacin da lafiyayyun yara ke kai wa ga kowane mataki. Zama ba tare da an tokare yaro ba na iya faruwa daga kimanin wata huɗu zuwa tara. Rarrafe kan zo tsakanin wata biyar da 13, kuma akwai yara kaɗan da ba sa rarrafe sam, sai dai a ga sun miƙe. Tafiya shi kaɗai kuwa tana kamawa daga wata takwas har zuwa kusan wata 18.

Wannan tazara tana da muhimmanci, domin manhajar da ta sanya wata guda tak a matsayin lokacin tafiya za ta jefa iyaye cikin fargabar da ba ta da tushe. A shekarar 2022 cibiyar CDC ta sake fasalin jerin matakanta, ta koma lissafa abin da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na yara ke iya yi a wasu watanni, domin idan yaro ya gaza a san cewa lokacin ganin likita ya yi.

Su kansu masu tsara manhajojin na tunatar da cewa domin iyaye aka yi su. WHO ta ba da shawara a 2019 cewa kada a bar yaron da bai kai shekara biyu ba yana zaman kallon fuskar waya ko talabijin, domin abin da ke buɗe ƙwaƙwalwarsa shi ne a yi masa magana, a amsa gwarancinsa, a yi wasa da shi.

Sakamakon bincike

Babban gwajin da aka yi wa shirin Kilkari an gudanar da shi ne a gundumomi huɗu na jihar Madhya Pradesh, a kan mata fiye da dubu biyar, aka kuma wallafa sakamakon a mujallar BMJ Global Health a 2022. An raba matan gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu na samun saƙonnin, wasu ba sa samu. Masu binciken ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a fannin shayar da nono zalla, wanda shi ne babban abin da suka je aunawa. Amma sun ga ƙaruwa a amfani da hanyoyin ba da tazarar haihuwa, da kuma kai yara rigakafin mako goma.

Daga cikin abubuwan da aka lura da su akwai cewa a gidaje da dama wayar tana hannun maigida ne, wanda kan fita da ita wurin aiki, ta yadda kiran zai same shi a waje. A wasu lokutan hakan ya yi amfani, domin maza sun ji bayanin da ba su saba ji ba. A wasu lokutan kuma saƙon bai kai ga uwar ba.

Wani gwaji da aka yi a jihar Bauchi ta Najeriya, wanda masu bincike daga Jami'ar North Carolina ta Amurka suka wallafa a 2014, ya ba da sakamako na daban. An yi shi ne da mata 'yan ƙungiyoyin ƙananan rance. A taronsu na wata-wata ana koyar da su darasi kan shayarwa, an kuma bai wa kowane ƙaramin rukuni waya guda da ake aiko musu da saƙonnin murya da na rubutu. Matan kan tattauna saƙon a tsakaninsu, su mayar da shi waƙa ko wasan kwaikwayo. Kashi 64 cikin ɗari na waɗanda ke cikin shirin sun shayar da nono zalla har wata shida, idan aka kwatanta da kashi 43 na waɗanda ba sa ciki.

Masana na ganin bambancin da ke tsakanin gwaje-gwajen biyu shi ne a Bauchi saƙon waya bai tafi shi kaɗai ba, ya haɗu da zaman ido da ido da goyon bayan 'yan'uwa mata. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da renon jariri a al'ummomi da dama na Afirka da Asiya, inda kaka da uwar miji ke da ta cewa kan abin da za a ba jariri, musamman a haihuwar fari.

Ta fuskar inganci kuwa, wani nazari da aka wallafa a Ostireliya a 2015 ya duba manhajoji 46 da suka shafi ciyar da jarirai, ya kuma yanke hukuncin cewa 36 daga cikinsu ba su da inganci. Da yawansu ba su bayyana wanda ya rubuta bayanin ko inda aka samo shi ba.

Kamfanonin madarar gwangwani

Tun a shekarar 1981 babban taron WHO ya amince da wata ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa da ta hana tallata madarar gwangwani ta jarirai ga jama'a, da raba ta kyauta ga iyaye mata, da kuma tuntuɓar su kai tsaye daga wakilan kamfanoni. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tabbatar da bin dokokin da suka shafi wannan ƙa'ida.

Sai dai wayar salula ta buɗe wa kamfanonin wata ƙofa da ba a hango ba a wancan lokaci. A watan Fabrairun 2022 WHO da UNICEF suka fitar da rahoton binciken da aka yi a kan iyaye da mata masu ciki 8,500 da ma'aikatan lafiya 300 a ƙasashe takwas, ciki har da Najeriya da Maroko da Afirka ta Kudu da Bangladesh. Kashi 51 cikin ɗari sun ce tallar madarar ta riske su. Rahoton ya ƙiyasta darajar cinikin madarar a duniya a kan dala biliyan 55 a shekara.

Rahoto na biyu da WHO ta fitar a watan Afrilun wannan shekarar ya nazarci saƙonni miliyan huɗu da aka wallafa a shafukan sada zumunta tsakanin Janairu da Yunin 2021. Ya ce kamfanonin na amfani da manhajojin renon ciki da na jarirai, da ƙungiyoyin iyaye na intanet, da layukan ba da shawara, domin tattara bayanan mata da aika musu talla a lokacin da suka fi rauni, kamar makonnin farko na jego lokacin da uwa ke shakkar ko nononta na isar jaririnta.

A watan Nuwamban 2023 hukumar ta fitar da jagora ga gwamnatoci kan yadda za su taƙaita irin wannan talla, sannan a watan Mayun 2025 babban taronta ya zartar da ƙuduri da ke kira ga ƙasashe su sanya tallar intanet a ƙarƙashin dokokinsu.

Sirrin bayanai

Manhajar da ta san ranar haihuwar mace, da nauyin ɗanta, da unguwar da take zaune, tana riƙe da bayanai masu daraja a wurin 'yan kasuwa. A watan Janairun 2021 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, wato FTC, ta zargi kamfanin manhajar Flo, mai bibiyar al'ada da juna biyu, da miƙa bayanan lafiyar mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google, bayan ya yi alkawarin ɓoye su. An sasanta batun bisa sharaɗin cewa sai kamfanin ya nemi izinin masu amfani da manhajar kafin ya bai wa wani bayanansu. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman.

Waɗanda tsarin bai kai gare su ba

Matan da suka fi buƙatar wannan bayani su ne galibi ba su da hanyar samun sa. Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, ta ce a rahotonta na 2024 yawan matan da ke amfani da intanet ta waya a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya ya gaza na maza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsadar waya, da kuɗin data, da rashin wutar yin caji, da rashin iya karatu, su ne manyan dalilan da ake ambatawa. Shi ya sa Indiya ta tsaya a kan kiran murya, Afirka ta Kudu kuma ta fara da saƙon tes kafin ta ƙara da WhatsApp.

Inda aikin waya ya tsaya

A jagorarta ta farko kan amfani da fasahar zamani a harkar lafiya, wadda ta fitar a watan Afrilun 2019, WHO ta amince da aika wa iyaye mata saƙonni ta waya, bisa sharaɗin a kiyaye sirrinsu. Amma ta jaddada cewa hakan ba zai maye gurbin asibiti mai ma'aikata da magani ba.

Saboda haka da yawa daga cikin shirye-shiryen da hukumomin lafiya suka tsara suna ɗauke da jerin alamomin da idan aka gan su a jikin jariri sabon haihuwa, ba a tsayawa neman bayani a waya. Sun haɗa da ƙin kama nono, da jijjiga, da numfashi da sauri har sau 60 ko fiye a minti ɗaya, da lotsawar ƙirji idan yana numfashi, da zazzaɓi ko sanyin jiki da ya wuce kima, da rashin motsi sai an taɓa shi, da kuma shawara da ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa. Shawarar likitoci a nan ita ce a garzaya da shi asibiti nan take.

Ga iyayen da ke son sauke wata manhaja kuwa, ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a duba ko wata ma'aikatar lafiya ko sananniyar hukuma ce ta tsara ta, ko akwai tambarin kamfanin madara ko tallarsa a cikinta, ko jadawalin rigakafinta ya yi daidai da na katin asibitin yaron, da kuma irin bayanan da take nema kafin ta buɗe. A taronta na 2025, WHO ta ƙara wa'adin burinta na shayar da nono zalla zuwa shekarar 2030, ta kuma ɗaga shi zuwa kashi 60 cikin ɗari.